Ni a Kan Keke Ya Zo Mani

Ɗiyata, saƙonki ya iso tun daren Laraba. Sau biyu na karanta shi. Karon farko na yi dariya har tari ya sarƙe ni, karo na biyu kuma na aje wayar na yi tagumi.

Wai kin kwana kina karanta wani littafin soyayya, labarin ɗiyar wani malami a zamanin Sarkin Musulmi Bello da wani barde mai tsaron ribaɗin Wurno. Shi ne kike tambayata yadda budurwa ke sanar da namiji tana son shi a zamanin da babu waya, da dalilin da ya sa mu ba mu faɗin sunan miji, da kuma ko za a iya kai ki ɗaki bisa doki in lokaci ya yi. Dokin bai dame ni ba. Ta farkon nan ce ta tsaya mani a rai, don mutum ba ya tambayar hanyar garin da ba ya da niyyar zuwa.

Kada ki zaci zan yi maki faɗan karatu. Lokacin da littattafan Kano sunka cika gari, wajen ƙarshen shekarun 1980, ina koyarwa a firamare, haya nake ɗaukowa, kashi na ɗaya yau, na biyu jibi, in tura ƙarƙashin katifa in na ji sallamar Malam, maigidana. Na san abin da ke riƙe ki. A irin wanga labari komai ba ya sauri. Namiji ya ɗaura sirdi ya tafi, damina ta zo ta wuce, ba labari ba ɗan aike, ita kuma duk ƙurar da ta tashi daga arewa sai gabanta ya faɗi. Ga alkyabba da lifidi, ga zanen saƙi da murjani da tandun kwalli. Kuma ga sunayen da kinka sani. Ƙofar Rini da kike wucewa bisa kabu-kabu ba ki ko waiwaya, sai ki tarar da ita a littafi da ganuwa da mai gadi, ana rufe ta in dare ya yi. Dole ki ji daɗi.

Ni dai ba barde ya zo mani ba.

Shekarar da anka canza kuɗi ce, 1973, da anka bar fam da sule anka koma naira da kwabo. Shekarar fari ce kuma, gero ya yi tsada, mutanen arewa suna ta shigowa da ragowar dabbobinsu duk ƙashi. Malam a lokacin yana taimakon babansa cinikin fatar jar akuya. Ashe ya gan ni ina kai wa kawunmu abinci, bai ce mani uffan ba, ya je ya gaya wa gwaggonsa. Sai ga tsohuwar nan tun daga Ƙofar Atiku har gidanmu, wai ta zo aron rariya. Sau uku cikin mako guda! Duk gidajen da ke tsakaninmu babu mai rariya ke nan. In ta zo sai ta zauna tana hira da Inna, idonta kuwa na kaina, yadda nake tankaɗe, yadda nake durƙusawa in miƙa ruwa. Bayan manya sun yi maganarsu anka ba shi izinin zuwa zance.

Daren ina tuna shi kamar jiya. Bayan isha'i na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida, Rali ce, ya goge ta har tana ɗaukar ido. Anka shimfiɗa tabarma biyu a zaure, tsakaninsu fitilar ƙwai, anka zaunar da ƙanena, wato ubanki, a bakin ƙofa don ya yi gadi. Shekararsa bakwai. Da guntun rake anka saye shi, bai kai ga gaɓa ta biyu ba barci ya kwashe shi, ki tambaye shi in zai musa. Malam ya sha turaren Bintu Sudan don ya danne warin jima, sai abin ya haɗu ya zama wani wari na uku wanda ba ni da sunansa. Ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi zafi. Munka yi shiru. Ya sake tambayar mutanen gida. Can da ya rasa abin faɗi sai ya shiga ba ni labarin sarƙar kekensa da ta tsinke a hanyar Kware. Ni kuwa kaina na ƙasa, ina ta jan zaren kaba daga tabarma, har na yi mata ramin da Inna ta yi mako tana neman wanda ya yi. Fuskarsa ban gani ba. Ƙafarsa na gani, da farcen babban yatsa da ya fashe.

Da zai tafi ya tura abu ƙarƙashin tabarma: goro biyu farare da sabuwar takardar naira ɗaya, wato sule goma a tsohon lissafi. Kaka, wadda ashe tun farko tana laɓe bayan zana, ta karɓa ta ɗaga ta wajen fitila, ta jujjuya, ta ce ita ba ta yarda da toshin da ba ya ƙara in an kaɗa shi ba. Sannan ta dube ni ta ce, "Ke, kina son shi?" Na ruga ɗaki na rufe fuska. Ina ji tana gaya wa Inna, "A bar ta, shiru ma magana ce. Da ba ta so da kuka za mu ji."

Zuwansa na biyu, ni na dama furar da kaina, na zuba nono fiye da ƙa'ida a shekarar da nono ke wuya, na sa a sabuwar ƙwarya, na rufe da faifan da na yi wata guda ina saƙawa da ja da kore. Ya shanye tas. Ƙwarya ta dawo cikin gida, faifai bai dawo ba. To, in wasiƙa kike nema, ga tawa ga amsarta. Bayan rasuwarsa na tarar da faifan a ƙasan akwatinsa, gara ta ci gefe ɗaya.

Maganar doki kuwa, da Kaka na raye da ta ba ki amsa da kanta. Tana yarinya ƙarama Nasara sunka zo a 1903, anka yi karo a Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas har ya yi shahada a Burmi. Abin da ta riƙe daga ranar shi ne uwarsu ta cusa su cikin rumbu, da ƙarar bindiga, da ƙaiƙayin gero a jiki. Akwai ƙanwar uwarta da anka yi wa baiko da wani da ya bi Sarki. Shekara biyu tana jira, daga baya anka ba ta wani mai mata biyu, a can ta tsufa. Kaka kan ce, "Doki kyawonai daga nesa, na kusa shi ka shan ƙura." Masu rubuta littafi ba su cika sa dakan asuba da ɗibar ruwa a gulbi ba, ba su cika sa bayin da ke yi wa gimbiya aikin ba. Ko a zamanina akwai ƙawata da anka bayar sadaka ga wanda ya girmi babanta, ita kam kukan anka ji, kuma ba a fasa ba. Zuma ce, da zaƙi da harbi.

Sunan miji ba addini ya hana ba, kunya ce, irin wadda ke sa ba a kiran sunan ɗan fari. Na taɓa tambayar Kaka, ta ce suna kamar turare yake, in ana yawan buɗe kwalba sai ya tashi. Ban ce hujja ce ba, amma shekara arba'in da ɗoriya "Malam" nake cewa, kuma ta yadda na ja kalmar yake gane ko fushi nake ko akasin haka. Kada kuma ki ɗauka matan da bebaye ne. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da Larabci da Fulatanci da Hausa take waƙa, ita ke naɗa wa jajoji malfa su shiga ƙauyuka su karantar da mata, kuma da mijinta Waziri Giɗaɗo ya rasu ta yi masa marsiyya.

Ku kuwa yanzu yaro bai san ƙofar gidanku ba ya riga ya tara hotunanki, ana "bebi" ana kwana ana hira, kafin a ɗaura aure an gama duk zancen da ya kamata a yi shekara goma ana gutsura. Jiran da kike kuka a kansa a littafi, ke minti biyar in ba a amsa maki saƙo ba sai ki hau fushi.

Dokin ki tambayi ubanki, shi zai biya. Ni a bayan a-kori-kura anka kai ni, ina zaune kan buhun gara.

Ki zo ranar Juma'a bayan la'asar, ki ƙara wa rubutun wayar girma don idona ya yi rauni, ina son in ji ko barden ya dawo daga yaƙin Gawakuke. Kuma ki zo da sunan yaron da na ubansa da unguwarsu. In yana da gwaggo, ki ce rariyata na nan rataye.