Tambayoyin Masu Karatu: Hajiya Tana Cewa "Da Sauƙi", Amma Ba Ta Runtsawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a unguwar Hindawiyya a Makka, shekarata 6 a ƙasar nan, kuma Larabcina bai wuce na kasuwa ba. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, tana fama da ciwon sukari, kuma yau kwananta 9 a asibiti saboda gyambon da ya fito mata a ƙafa. Ni nake kwana da ita, yayana kuma yake zuwa da safe ya yi mana tafinta. Duk lokacin da nas ta tambaye ta "fi alam?" (wato akwai ciwo?), sai Hajiya ta ce "mafi (babu), alhamdu lillahi", alhali da dare ba ta runtsawa, sai nishi. Akwai kuma wata nas 'yar Filifin da take jawo kujera ta zauna, ta yi tambaya ta yi shiru tana kallon Hajiya, kuma idan ta gama bayanin allura sai ta ce mu maimaita mata. Hajiya ta ce yarinyar nan ta cika bin diddigi, yayana kuma yana ganin raina mana hankali take yi. Shin haka aikin yake, ko mu kai ƙara?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Kada ku kai ƙarar wannan nas, domin a cikin duk waɗanda kika ambata ita ce take yin aikin yadda aka koyar da shi. A makarantun koyon jinya ana ɗaukar magana da mara lafiya a matsayin wani sashe na maganin kansa, kuma tun 1952 wata malamar jinya Ba'amurkiya, Hildegard Peplau, ta shimfiɗa wannan fahimta a rubuce, inda ta nuna cewa alaƙar nas da mara lafiya tana farawa ne daga sabo da amincewa kafin a kai ga aiki tare. Bambancinta da hirar 'yan dubiya shi ne tana da manufa, kuma duk inda ta kewaya a kan mara lafiyar take komawa.

Shirun da nas ɗin take yi da gangan ne. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1984, an gano cewa likitoci sukan katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 kacal da fara bayaninsa, kuma sau da yawa abin da ya fi damun mutum ba shi yake fara faɗa ba. Tsohuwar Bahaushiya kuwa, wadda aka tarbiyyantar a kan kara da kawaici, ta fi kowa bukatar a jira ta.

Babbar matsalarku tana cikin kalmar "mafi" da Hajiya take faɗa. A wurinmu "ya jiki?" gaisuwa ce, amsarta kuma "da sauƙi", ko da mutum yana gargara. Nas ɗin da ta taso a Manila ko Kerala, kamar da yawa daga cikin ma'aikatan jinya a Saudiyya, ba gaisuwa take yi ba, awo take yi, kamar yadda take auna zafin jiki da hawan jini. Idan Hajiya ta ce babu ciwo, sifili za a rubuta a fayil ɗinta, likita ya zo zagayen safe ya karanta sifili, ya wuce. Wasu magungunan rage raɗaɗi kuma likita yakan rubuta su ne da sharaɗin a bayar idan mara lafiya ya bukata, saboda haka maganin yana iya kasancewa a ajiye a ɗakin nas-nas, Hajiya tana nishi a kan gado, kuma babu wanda ya yi kuskure a takarda. Ki zaunar da ita ki fahimtar da ita ma'aunin da ake amfani da shi, daga 0 zuwa 10, inda 10 take nufin ciwo mafi tsanani da mutum zai iya ƙiyastawa. Idan lamba ta yi mata wuya, akwai kati mai hotunan fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai kuka, sai ta nuna da yatsa. Ki kuma tambaye ta irin ciwon, domin Hausa ta rarrabe su dalla-dalla: zugi daban, suka daban, ƙuna kamar an zuba barkono daban, tafiyar kiyashi a tafin ƙafa daban. Na ƙarshen nan biyu, musamman idan da dare suke tsananta, sukan nuna cewa sukari ya taɓa jijiyoyi, kuma maganinsu ba Panadol ba ne. Idan tana jin cewa faɗin ciwo raki ne ko ƙarancin tawakkali, ki tuna mata hadisin Bukhari inda Nana A'isha ta ce wayyo kaina, Manzon Allah (SAW) ya ce a'a, ni ne dai da wayyo kaina.

Sai batun yayanki, kuma ina roƙon kada ya ji haushina. Babu uwar da za ta dubi ɗanta namiji, balle idan ɗan fari ne wanda ko sunansa ba ta kira, ta gaya masa cewa fitsari yana yi mata zafi ko ta kwana 4 ba ta zagaya ba. Shi ma idan ya ji, zai tace maganar kafin ya fassara, don kare mutuncinta. A lokacin da nake aiki a wani asibiti a Jidda, an taɓa kirana wurin wata dattijuwa da aka riga aka manna mata wayoyin gwajin zuciya a ƙirji, saboda ta ce wa jikanta "zuciyata na tashi", shi kuma ya juya wa nas da kalmar "galb", wato zuciyar da ke bugawa a ƙirji. Amai take ji, daga wani sabon magani da aka fara ba ta. Gwajin bai cutar da ita ba, kuma ga mai ciwon sukari ba ɓata lokaci ba ne, tun da ciwon zuciya yakan zo musu a ɓoye. Amma sai da ta ƙara wuni guda tana kakari kafin a gane ainihin kukanta. Ku nemi shugabar nas-nas ta sashen ta samo mace mai jin Hausa cikin ma'aikata, wanda a Makka ba abu ne mai wuya ba, yayanki kuma ya riƙa ba su wuri idan an zo tambayoyin da suka shafi sirrin jiki. Duk wanda zai yi tafinta ya faɗi abin da aka ce yadda aka ce shi, ba ragi ba gyara.

Abubuwa biyu nake so ki tabbatar nas ta sani ko da ba ta tambaya ba: ko Hajiya tana shan jiƙe-jiƙe irin su hulba, wadda take iya sauke sukari, da kuma ko takan ɗauki azumin Litinin da Alhamis ba tare da ta faɗa ba, kamar yadda iyayenmu suke yi don gudun riya. Azumi a kan allurar insulin ba tare da an gyara adadinta ba yana da haɗari.

Maimaitawar da take sa ku yi kuwa, ba basirarku take gwadawa ba, bayaninta take gwadawa, domin mu duka mun san yadda ake gyaɗa kai a ce "aiwa", wato "na'am", don kunya. Idan kuka koma gida, ke ce za ki gane alamun faɗuwar sukari ƙasa da 70 a na'urar awo, wato gumi da rawar jiki da jiri, kuma gara ki yi kuskuren a gabanta ta gyara miki. Idan wata rana kuka gamu da wulaƙanci na gaskiya, kowane asibiti yana da ofishin sauraron koken marasa lafiya, sannan akwai layin Ma'aikatar Lafiya, 937.

TAMBAYA: Malama, ni ɗalibin jinya ne a Madina. Wani dattijo ɗan Zariya da za a yi wa tiyata ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, zan tashi kuwa?" Na ce, "Baba, ba komai in sha Allahu." Malamarmu ta ce na yi kuskure. Yanzu addu'a ma laifi ce?

AMSA: Ƙanena, addu'a ba laifi ba ce, kuma ba na zaton ita malamarka ta soka. Manzon Allah (SAW) da kansa yakan ce wa mara lafiya babu damuwa, tsarkakewa ce in Allah ya so. Kuskuren shi ne ka yi amfani da ita ka rufe bakin dattijon a daidai lokacin da ya buɗe shi. Tun a 1859 Florence Nightingale, fitacciyar nas 'yar Ingila, ta yi ƙorafi a kan masu cika mara lafiya da alƙawuran sauƙi waɗanda ba su da iko a kansu, har ya gaji ya daina faɗin abin da ke ransa. Da ka zauna, tun da ga hannunka a nasa, ka ce, "Baba, me ya fi tsaya maka a rai game da aikin nan?" Wataƙila allurar barci yake tsoro, wanda likitan da ke bayar da ita zai warware masa a minti 5. Wataƙila akwai bashin da bai gaya wa 'ya'yansa ba, ko yana son a kira masa uwargidansa a Zariya su yi sallama, ko kuwa yana tambaya ne yadda zai yi salla da robar fitsari a jikinsa. Idan ya faɗa, ka yi abin da yake cikin ikonka, ka isar da sauran ga masu shi, ka rubuta a fayil don nas ɗin dare ya sani, sannan ku yi addu'ar tare.