Amsar Kawu kan hitilar tilli da za a kai hwadama

Jama'a ga muryar da Kawu ya aiko jiya da dare, na zauna na rubuta ta saboda waɗanda sunka ce ba ta buɗe musu ba.

Salamu alaikum, 'yan gida ina wuninku, ya sanyi. To ɗana na ji saƙonka, ka ce ka ishe tsohuwar hitilar babanka cikin adaka, wagga mai famfo da muke ce ma tilli, har da sauran mantil, 'yan jakunkunan zaren nan da ke ba da hasken, cikin takardarsu, kana son ka tahi da ita hwadama can Kwalkwalawa wajen ban ruwan albasa da dare, kuma kana tambaya ko ana iya barinta cikin bukka ta ɗan ɗumama muku tunda hunturu ya shigo. To bari in hwara da ta ƙarshen don ita ta hana ni kwanciya sai na yi maganar ga.

Kar ka kwana da ita cikin bukka, ko kusa. Hitila ta ta waje, ta hili, ta mai shayi da mai tsire da wurin wa'azi. Dut abin da ke cin mai ko gawayi in an ruhe shi wuri guda yana hidda wata iska da likitoci ke ce ma kabon monoksaid, ita ta wadda kake ji an ce janareto ya kashe mutanen gida gaba ɗai suna barci, ba ta da wari ba ta da launi, ba ka ganinta ba ka jinta, jini take shiga ta tare wurin da iska mai kyau ke zama. Hwarkonta ciwon kai na da jiri da tashin zuciya da kasala, sai mutum ya ce ai zazzaɓi na ko gajiyar aiki, ya ƙara jan bargo, to shi ke nan. In kun ga ku biyu ko ukku kanku ya ɗau ciwo lokaci guda kuma akwai wuta kusa, ku hita waje tukuna kahin ku tsaya shawara, wanda ya kasa tashi a jawo shi a yi asibiti da shi. Kuma ku da kuke toshe dut wata kahwa ta bukka da leda da buhu saboda iskar hunturu, ai kun gina mata ɗaki kenan. Ban da ma wannan, bukkar kara ta, kan hitilar ga kuwa zahinshi ya isa ya kama ciyawa in ta yi kusa da jinka, ga gidan sauro, ga wanda zai yi juyi ya shure ta. Cikin bukka ka riƙe tocila ko 'yar sola, ita tilli a rataye ta waje ga ƙarhe ko ice mai kauri, bisanta a bar hili kamar tsawon hannu biyu, babu abin da ke lilo kusa.

Sai maganar mai, kuma nan ne ni abin ya taɓa ni. Shekara goma sha wani abu ina shayi bakin tasha da irin hitilar ga, wata rana kananzir ya yanke min da magariba na aiki yaro ya sayo na kwalba bakin hanya, ashe an gauraya shi da hetur. Ina ba ta iska kurum sai na ji wani buu, wuta ta taso ta kan hitilar har ta lashe min gashin gira, bayan hannuna na dama har yau da tabon, kun sha ganinshi. Allah ya taimake ni akwai yashi kusa, yaron ya yi ta watsawa. Da ruwa munka zuba da teburin gaba ɗai ya tahi, don mai bisa ruwa yake hawa ya bi shi da wutar. To ka saya gidan mai, ka shinshina, kananzir na ƙwarai yana da maiƙo ga yatsa kuma ba ya saurin bushewa, in ka ji warin hetur ko ka ga ya bushe nan take da ɗan sanyi-sanyi, mai da shi. Kar wani ya ce maka ai hitilun Turawa hetur suke sha, e akwai irin na Coleman na Amurka da anka yi don wani hwarin mai nasu, amma tilli ta Ingila da Petromax ta Jamus da Butterfly ɗin da ta cika kasuwa, waɗanda munka sani nan dut na kananzir na.

Kar ka cika tankin baki da baki, kashi ukku cikin huɗu ya isa, sauran wurin na iska na. Kuma in mai ya ƙare tsakar dare ba a buɗe ta tana ci ko tana da zahi, a kashe, a saki iskar, a jira ta huce har ka iya ɗora hannu, sannan a zuba nesa da wuta a goge wanda ya zube.

Tunda ta daɗe aje, kahin komi ka diba tankin. Ba mai ciki, ka ba ta iska, ka shahwa ruwan omo ga gindi da bakin marhi da dut inda anka yi liƙi, in ka ga kumhwa tana tasowa to tana yoyo. In robar da ke tare iska ta ta bushe wannan canzawa ake, hwatar famfo kuma a jiƙa ta da ɗan bakin mai ta yi taushi. Amma in tankin kanshi ya tsage ko tsatsa ta ci shi, ka rataye ta ɗaki don tunawa da babanka kurum, ni ban yarda da tankin da anka yi ma hwaci ba, abu na mai matsi da mai da wuta bisa kai.

To mantil. Wagga 'yar jakar zaren ba lagwani ba ta, ba ita ke cin mai ba, zare na da anka jiƙa da wani magani, in ka ƙone shi zaren ya tahi sai maganin ya tsaya da siffar jakar, toka ta tsaye, wutar da ke cikinta ke sa ta yin hwari fes. Shi ya sa da an ƙone ta ko ƙuda ya yi mata nauyi. Ka ɗaura ta da kyau, ka daidaita tattarar ta zagaye ko'ina, ka yanke sauran zaren, ka kyasta mata ashana daga ƙasa a waje inda iska ke wucewa ka ja baya. Za ta yi baƙi ta yi hayaƙi ta tsuke sannan ta koma hwara, kar ka hura, kar ka taɓa, kar ka sa hanci cikin hayaƙin nan. Ɗan wajena da ya karanta kimiyya jami'ar Ɗanhodiyo shi ya yi min bayani, ya ce wani Bature ɗan Ostiriya, Welsbach, shi ya ƙirƙiro ta sama da shekara 130 da sunka wuce, kuma maganin da ake sa ma na da sunanshi toriyom, yana hidda ɗan tururin nukiliya, kaɗan na ƙwarai ba abin gudu ba, amma ba a son shi cikin huhu ko cikin ciki. Na yanzu da yawa an koma wani magani wai itiriyom. To waɗanda ka ishe cikin adakar babanka tsohin yayi na, ka ɗauka na da ɗin na, kar ka aje su aljihu ko wurin abinci, in ta hwashe kar ka busa tokar, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma ka ƙulle ka yar inda yara da awaki ba su kai, ka wanke hannu kahin ka ci tuwo ko ka ɓare goro.

Kuma mantil in ta hude ko da ƙanƙanin rami na, canza ta. Mutane na cewa ai tana haske a bari, to ta ramin nan wuta ke hitowa tsinin mashi ta doki gilashin wuri guda sai ka ji ƙas ya tsage, in kuma ta ƙasa ta hude tankin take gasawa. Ka riƙa tahiya da guda biyu ko ukku na ajiya, bisa mashin da hanyar hwadama ba wadda ke kai lahiya, gara ma ka ɗaura sabuwa in ka isa.

Wajen kunnawa haƙuri take so. Sifirit na kyamis za ka sa, wata tana da ɗan kohi ƙarƙashin bututun da mai ke bi ya hau bisa, tilli ta asali kuma wani ɗan maƙali gare ta da ake tsomawa cikin sifirit a maƙala. Ka bar shi ya ci har ya kusa mutuwa, bututun ya yi zahi sosai yadda kananzir zai zama tururi kahin ya kai bisa, sannan ka buɗe ka ba ta iska sannu sannu. In ka yi gaggawa ɗanyen mai zai hau, sai ka ga jar wuta tana tashi da baƙin hayaƙi, to kar ka rikice ka jehar da ita, kashe ta ka saki iskar, wutar za ta lahwa da kanta, ta huce ka sake daga hwarko. Kar kuma ka ƙara sifirit daga kwalba wutar na ci, wutar sifirit da kyar ake ganinta.

Abu guda da na kusa mantawa, wannan har da matan gida. Kananzir cikin gorar lemu ko ta ruwa, yara na ɗauka su kurɓa, in haka ta hwaru kar a sa yatsa a ce sai ya yi amai kuma kar a ɗura mai manja, aman ke kai shi huhu, a ɗauke shi sai asibitin Specialist ko asibitin koyarwa na UDUTH ko asibitin da ya hi kusa. Ƙuna kuma ruwan sanyi kurum ake zubawa kamar minti 20, ba ƙwai ba makilin ba.

Ran Juma'a in an sauko masallaci ka biyo min da ita in diba tankin da allurar da ke share kahwar man da kaina, ina jin akwai sauran roba cikin tsohon gwangwanina in yaran ga ba su kwashe ba. Ka taho da sifirit ɗinka, ni nawa ya daɗe da bushewa. A gaida mamarka.