Sabuwar dokar da majalisa ke dubawa za ta hau kan ɗana? Shawarar lauya

Tambaya: Barista, ɗana mai shekara 22 yana cikin faɗan da ya ɓarke a unguwarmu bayan wasan ƙwallo, aka sari wani yaro a hannu. 'Yan sanda sun kama shi tare da wasu, majistare ya tura su gidan gyaran hali. Yanzu muna ji a rediyo cewa majalisar dokokin jiharmu na duba ƙudirin da zai tsananta hukuncin faɗan daba. Kawun yaron da aka sara ya ce in ba mu ba shi naira miliyan biyu ya janye ƙara ba, da zarar dokar ta fito ɗana zai ƙare rayuwarsa a kurkuku. Har na sa gonata a kasuwa. In na biya, magana ta mutu ke nan?

Amsa: Malam, ka dakata da sayar da gonar nan tukuna. Ban ga takardar tuhumar ba, saboda haka abin da zan faɗa ya dogara ne a kan bayaninka kawai. Amma ko a hakan, maganar kawun yaron ba ta da tushe ta fuska biyu: dokar da yake tsorata ka da ita ba za ta hau kan ɗanka ba, kuma janye ƙarar da yake son sayar maka ba lallai ba ne yana hannunsa.

Abin da ke gaban majalisa ƙudiri ne, bai zama doka ba. Sai ya bi matakan da aka saba: karatu na farko da na biyu, kwamiti, galibi da zaman jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, sannan a kai wa gwamna. Sashe na 100 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar sun sake amincewa. Ƙudiri da yawa a kwamiti suke kwanciya, wasu kuma kafin su fito an sauya musu kama.

To, mu ɗauka gobe gwamna ya sa hannu. Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Sashe na 36(8) na tsarin mulki ya ce ba a kama mutum da laifi kan abin da ba laifi ba ne a lokacin da ya aikata shi, kuma ba a yanke masa hukuncin da ya fi wanda ke aiki a ranar da ya aikata laifin. Sashe na 4(9) kuma ya hana majalisa, ta tarayya ko ta jiha, yin dokar laifi mai komawa baya. Abin lura shi ne ranar da aka yi faɗan, ba ranar da aka gurfanar da ɗanka ba, ba kuma ranar yanke hukunci ba. Lokacin da Katsina ta gyara dokarta a 2019 ta sa kisa ga masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu, da lokacin da Kaduna ta kawo dandaƙa ga masu yi wa ƙananan yara fyaɗe a Satumban 2020, wannan ƙa'idar ce ta yi musu iyaka: sabon hukunci na wanda ya aikata ne bayan dokar ta fara aiki. Masu shekaru za su tuna Dokar Soja mai lamba 20 ta 1984, wadda aka mayar da ita baya har aka harbe mutum uku a 1985 kan safarar miyagun ƙwayoyi. Mulkin soja ke nan. Majalisar jiha ba ta da wannan hurumin.

Akwai togaciya. Kariyar ta shafi laifin ne da hukuncinsa. In sabuwar dokar ta taɓa tsarin tafiyar da shari'a, kamar sharuɗɗan beli ko kotun da za ta saurari irin wannan ƙara, lauyoyi kan yi jayayya ko hakan ya shafi shari'ar da ke gudana, kuma amsar ta danganta da lafazin dokar. Wannan dalili ne na a nemi belin yanzu, kada a jira.

Kada kuma ka ɗauka dokar da ke akwai mai sauƙi ce. A tsohon kundin dokokin laifi na Final Kod, wanda jihohin Arewa da dama suka gada, ji wa mutum rauni da makami na iya kai shekara 3, mummunan rauni shekara 7, in kuma mummunan raunin da makami aka yi shi, har 14. Wasu jihohin sun sake rubuta nasu kundin, sassa da hukunce-hukuncen sun sauya, sai lauyanku ya duba na jiharku. Mummunan rauni ya ƙunshi karaya, rasa gaɓa ko ido, raunin da ya jefa rai cikin haɗari, da wanda ya hana mutum harkokinsa na kwana 20. Shi ya sa takardar likita ta fi duk surutun kawun nan nauyi. Haka nan ku duba ko an cusa fashi da makami a cikin tuhumar, domin a irin wannan rikici da zarar wani ya ce wayarsa ta ɓace sai magana ta canza. In har akwai shi, majistare ba shi da hurumin yin shari'ar, fayil zai tafi ma'aikatar shari'a neman shawara, beli kuma sai a babbar kotu, kuma da wuya.

Sai batun biya. Shari'ar laifi tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma; yaron da aka sara shaida ne, kawunsa kuwa, gwargwadon abin da ka bayyana, ba kowa ba ne a cikin fayil ɗin. Doka ta yarda a yi sulhu a wasu laifuffuka: ƙaramin rauni galibi wanda aka ji wa ne ke da ikon yafewa, mai tsanani sai da izinin kotu, kisa da fashi da makami kuwa ba sa cikin waɗanda ake sulhuntawa ta wannan hanya. Mai ikon dakatar da shari'ar laifi a kowane mataki kafin hukunci shi ne Antoni Janar na jiha, bisa sashe na 211 na tsarin mulki. In a kotun shari'ar Musulunci ake, afuwar wanda aka ji wa rauni da karɓar diyya sun fi tasiri, amma can ma a gaban alƙali ake yi. Za ka iya miƙa miliyan biyu a zaure, washegari mai gabatar da ƙara ya ci gaba da kiran shaidu, ba ka da ko takardar da za ka nuna. Ban da haka, bayarwa ko karɓar kuɗi don a rufe laifin da doka ba ta yarda a sulhunta ba na iya zama laifi shi kansa. Ya kamata wani ya sanar da kawun haka, cikin mutunci.

Duk da wannan, sulhu nake ba ka shawara, in tuhumar na cikin waɗanda ake sulhuntawa. An ji wa ɗan mutane ciwo, sun kashe kuɗin magani, kuma unguwa ɗaya za ku ci gaba da zama. Shari'a na iya ɗaukar shekaru, kuma ko an gama kotu na da ikon sa ɗanka ya biya diyya. Sai dai a yi shi yadda ya kamata. Ku zauna da yaron da mahaifinsa, ba da kawun kaɗai ba, a gaban mai unguwa ko limami. A kawo rasiɗan asibiti a lissafa abin da aka kashe da abin da ya rage na jinya, a ɗora abin da ya dace na asarar aikinsa. A rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu da shaidu, a biya ta banki. Lauya ya lura da lafazin takardar don kada ta zama iƙirarin laifi in sulhun ya rushe. Sannan a kai ta kotu, wanda aka ji wa raunin ya tabbatar da bakinsa, alƙali ya rubuta. Ni da zan tsara, rabi za a bayar a fara, ragowar sai ranar da kotu ta amince.

Kafin nan, lauya ya karɓo kwafin tuhumar da takardar likita, ya shigar da buƙatar beli, ku kuma ku tanadi masu tsaya masa da ke da tabbataccen adireshi. In ba halin ɗaukar lauya, hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa na da ofis a babban birnin jiharku. Ka kuma ja wa ɗanka da abokansa kunne kada wanda ya kira ko ya tare wani shaida, domin wannan kaɗai ya isa a hana beli ko a soke shi.