Me ya mayar da igiyar Rana baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli wani bidiyo na Rana: wani wuri ya fashe, sai zoben haske ya bazu kamar an jefa dutse a tafki, amma da ya isa wani baƙin fili sai ya juyo. Me ya tare shi, alhali babu bango a can? Daga wata malamar kimiyya a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Bango kam akwai, na maganaɗisu ne, ido ba ya ganin sa.

Wurin da kika kalla shi ne korona, rawanin hasken nan da ke bayyana kewaye da Rana lokacin cikakken husufi. Zafinsa ya haura digiri miliyan ɗaya, iskarsa kuma tana ɗauke da lantarki, shi ya sa ba ta bin ko'ina sai inda layukan maganaɗisu suka ba ta hanya. Idan Rana ta yi aman tarin wannan iska, kuma gudun tarin ya fi saurin da igiya, irin ta tafkin da kika ambata, ke iya yi a cikin iskar korona, sai abin da yake turawa ya dunƙule a gabansa ya zama igiyar bugu, wato zoben da kika gani.

Gudun igiyar kuwa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Yana ƙaruwa inda maganaɗisu ke da ƙarfi, ko inda iska ta yi shara-shara. Baƙin filin da kika gani ramin korona ne. Layukansa a buɗe suke, iska na tserewa ta nan zuwa sarari, wadda ta rage ba ta da kauri. Da igiya ta taka bakinsa, gudun da ya kamata ta yi sai ya haura farat ɗaya, wani kaso ya wuce, wani ya dawo, kamar haske a kan gilashin taga. Kumbon STEREO ya ɗauki irin wannan juyowa ranar 19 ga Mayu, 2007. A kusa da baƙaƙen tabban Rana kuwa, inda maganaɗisu ya fi ƙarfi, igiyar takan karkace ta nufi inda ya yi rauni, kamar yadda lissafin Yutaka Uchida na Japan ya nuna tun 1968.

Abin da ya fi muhimmanci a ganinmu shi ne bakunan maganaɗisu, masu siffar bakan gizo. Bugu yakan girgiza su. Ranar 14 ga Yuli, 1998, kumbon TRACE ya ga wasu suna lilo, kowane kaiwa da komowa kusan minti biyar, suka yi 'yan zagaye suka lafa. Tamkar tsirkiyar gurmi ce: in an san tsawonta da nauyinta da saurin kaɗawarta, an san yadda aka ɗame ta. Haka masana ke auna ƙarfin maganaɗisun korona, wanda auna shi kai tsaye ke da matuƙar wuya. Inda lissafin ke kuskurewa shi ne tsawo da kauri: daga gefe guda muke hango bakan, sai ya yi mana kamar ya fi gajarta, kaurin iskar cikinsa kuma kiyasi ake yi.

Ki kuma duba wane kumbo ya ɗauki bidiyon. SOHO, wanda ya fara ganin waɗannan zobba a 1997, yakan yi minti 12 ko fiye tsakanin hoto da hoto, igiya mai sauri ta wuce kafin ya sake ɗauka. SDO, da aka harba a 2010, yana ɗauka duk daƙiƙa 12. In za ki auna gudun tare da ɗalibanki, na SDO za ki nema.