Filin Lambu: Tiyo uku cikin shekara biyu

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ina da ɗan lambu a bayan gida, tumatir da attaruhu da zogale, sai lemun tsami gindi biyu. Cikin shekara biyu tiyo uku na saya. Kowanne da ya yi wata shida sai ya bushe ya ƙandare, ya fara tsagewa, ruwa na feshi ta ko'ina ban da inda nake so. Yanzu maigida ya ce ya gaji, in koma ɗiba da bokiti. Don Allah wane iri ne mai ƙarko? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin mu je kasuwa, bari in tambaye ki: in kin gama ban ruwa, ina kike ajiye tiyon? Ko ba ki faɗa ba na sani. Yana nan yashe a tsakiyar lambu inda kika sake shi, ruwa kwance a cikinsa, rana na dukansa daga hantsi har la'asar. To ai ba ruwa ke cin tiyo ba, rana ce.

Yawancin tiyon da ke kasuwa robar PVC ce, dangin ta bututun famfo, sai dai an gauraya ta da wani sinadari da ke sa ta laushi. Zafi yana fitar da sinadarin nan a hankali, hasken rana kuma yana cin fatar robar ta waje. Ki tuna zafin Maris da Afrilu a ƙasarmu, inda takalmin roba ma narkewa yake so ya yi a kan siminti. Tiyon da ya sha wannan ya riga ya mutu, jana'izarsa ce ta rage. Sai hunturu ya zo, ki fito da sanyin asuba ki same shi ya sandare kamar kara, ki fizgo shi, ya ce ƙas.

Saboda haka ko wane iri kika saya, ki riƙe al'ada ɗaya. In kin gama, ki rufe famfo tukuna, ki bar bakin tiyon a buɗe. Kada ki toshe bakinsa ki bar famfo a kunne, don matsin ruwan nan shi ke kumbura shi ya fasa inda ya yi rauni. Sannan ki ɗaga shi daga gindi kina tafiya da shi har ruwan ciki ya tsiyaye, ki naɗe shi da faɗi, kamar babban faifai ba kamar gammo ba, ki kai inuwa. Minti uku ne aikin.

Wurin ratayewa ma akwai magana. Tiyona na farko a ƙusa ɗaya nake rataye shi, kullum nauyinsa a wuri guda, har wurin ya karye ya zama kamar gwiwa. Ina ta zagin mai shago, ashe laifin ƙusa ne. Yanzu tsohon garen babur na kafa a bangon zaure, a kansa nake naɗewa, kuma baƙin tiyon da ke kai ya ga damina takwas. Wani amfanin ratayewa: ɓera ba ya samun ya gwada haƙorinsa, kunama kuma ba ta samun ɗaki a cikin naɗin.

Yanzu mu je Sabon Gari. Kada launi ya ruɗe ki. Kore da rawaya da mai ratsi-ratsi duk kwalliya ce. Ki ce wa mai shago ya nuna miki bakin da aka yanka. Mai kyau za ki ga hawa uku: roba a ciki, zare saƙaƙƙe kamar raga a tsakiya, sai wata robar a waje. Zaren nan shi ne ƙashin bayan tiyo. Ki duba kaurin bangon, ya zama daidai a kewaye, ba gefe ɗaya kauri ɗaya kamar takarda ba. Daga nan ki kama kamar kamu biyu ki lanƙwasa, ki haɗa hannuwanki a hankali. In ya yi baka ya tsaya da cikinsa a buɗe, ya ci jarrabawa. In ya karye nan take ya manne, ki mayar masa da kayansa, don haka zai riƙa shaƙe miki ruwa duk lokacin da kika zagaya gindin lemo. Ki kuma ɗaga ki ji nauyi. Tiyo biyu masu faɗi ɗaya, mai nauyin ya fi roba a jikinsa.

Wanda ake ganin cikinsa garai-garai, mara zare, ki bar wa magina, da shi suke auna daidaiton gini. A lambu haske na ratsa shi, gansakuka ta tsiro a ciki, ga saurin bushewa. Wanda ya fi kowanne daɗewa shi ne baƙi na roba tsantsa, mai ƙamshin taya. Yana da tsada, kuma jansa sai da ƙarfi. Ga lambun bayan gida irin naki, ni mai zare mai kauri zan ce ki saya, ki ba shi inuwa. Kafin ki fita, ki ja igiya daga famfo zuwa shukar da ta fi nisa, ki ƙara mita biyu ko uku, ki sayi wannan tsawon kawai. Ragowar da ke kwance a ƙasa ba ta shayar da komai, sai dai ta harɗe miki ƙafa.

Ki gaya wa maigida ya ƙara haƙuri sau ɗaya. Bokiti ciwon baya ne.

Tambaya: Baba, tankina lita 2,000 ne a kan ƙarfe mai tsayin mita 3. Na sayi mesa rabin inci, mita 50, amma ruwan da ke fita kamar na bakin buta. In sayi babban tanki ne? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

Amsa: Malam, na ji daɗi da ka ce mesa. Sunan ya dace da abin, duk wanda ya taɓa taka ta da dare a cikin ciyawa ya san dalili. Tiyo kuwa daga Faransanci muka aro.

Kada ka ɓata kuɗinka a tanki. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa, ba daga girmansa ba. Tanki mai lita 500 da mai lita 5,000, in saman ruwansu na tsayi ɗaya, turi ɗaya za su yi. Mita 3 kuwa ɗan turi ne, kai kuma ka tura shi ta siririyar hanya har mita 50, yana gogar bango yana gajiya. Dole ya iso a galabaice.

Magani biyu ne, kuma duk sun fi tanki sauƙi. Na farko ka rage tsawo in ba duka kake buƙata ba. Na biyu ka koma mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci. A ido bambancin kaɗan ne, kamar milimita 13 da 19, amma ramin cikinsa ya ninka na rabin inci sau biyu da kwata, ruwan da zai wuce kuwa kusan ninki uku ne, muddin kan famfon da bututun da ya sauko daga tanki su ma ba sirara ba ne. Ka duba wannan da kyau, don sau da yawa a nan maƙogwaron yake. Abin da za ka biya shi ne nauyi: mita 50 na mai faɗin yana riƙe ruwa kamar lita 14, na rabin inci kuwa lita 6 da ɗoriya.

Ka yi gwaji kafin ka sayi komai. Ka cika jarka mai lita 25 a bakin famfo kana duba agogo, sannan ka cika ta a ƙarshen mesar. In a famfo ma jan jiki take yi, mesar ba ta da laifi.

Tambaya: Baba, tiyona ya huje a tsakiya. Na ɗaure da leda, na ɗaure da robar tiyub, har yanzu yana yoyo. Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Ɗana, robar tiyub ta yini biyu ce, leda kuwa ko ta yini ɗaya ba ta kai ba. Ka sa wuƙa mai kaifi ka yanke wurin gaba ɗaya, yanka a miƙe. Ka nemi guntun bututu mai tsawon ɗan yatsa wanda zai shiga da ƙyar. Ka tsoma bakunan biyu a ruwan zafi na minti ɗaya su yi laushi, ka cusa bututun rabi nan rabi can, ka ɗaure kowane gefe da zoben ƙarfen nan mai noti da masu kayan famfo ke sayarwa. In babu, waya ma ta yi, ka murɗa da filaya, amma ka lanƙwashe kanta kada ta yanki hannun yaro. In ka ga gyara ya kai wuri huɗu ko biyar, kuma jikin duk ya yi zane-zanen tsaga kamar faso, to ya gama. Ka yanyanka shi, guntayen suna da amfani: ka zura igiya a ciki in za ka ɗaure ƙaramin dashe da turke, ba za ta ci ɓawonsa ba.

Tambaya: Yarana na kafa kai su sha daga tiyo in ana ban ruwa. Akwai matsala? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Ki hana su, 'yar'uwa. Ba don ruwan sha aka yi tiyon lambu ba, kuma ruwan da ya kwana a ciki yana ɗaukar sinadarin roba, ki shinshina za ki ji. Ga bakinsa kullum cikin ƙasa da taki. Shuka ma ba a fara mata da ruwan farko in tiyon ya sha rana, don yakan fito da zafin da zai dafa ɗanyen dashe. Ki zubar da shi a gefe, ki tara bayan hannunki, sai kin ji ya yi sanyi ki juya kan tumatir.