Amsa: Haɗa wa yara kwaɓin wasa a gida

'Yar'uwa, kin ce na sayarwa ba ya jimawa yake bushewa, kina neman yadda za ki haɗa da kanki. Abu ne mai sauƙi, kuma kayan duk suna kicin ɗinki.

Ki zuba kofi 1 na fulawa, rabin kofi na gishiri, kofi 1 na ruwa, babban cokali 1 na man girki da cokali 2 na ruwan lemon tsami a tukunya. Kalar abinci ki ɗiga ta cikin ruwan tun kafin ki haɗa, ta fi shiga ko'ina. Ki ɗora a wuta kaɗan kina tuƙawa har ya dunƙule ya saki jikin tukunya. In ya huce, ki murza shi sosai. Idan yana kama hannu ki barbaɗa fulawa, in ya yi tauri ki ɗiga mai.

Wasu ba sa dafawa, ni dai dafaffen ya fi min, ya fi laushi da daɗewa. Kada tsimi ya sa ki rage gishirin, shi ke hana shi lalacewa. Sai dai saboda yawan gishirin, yaron da ke kai komai baki kar a bar shi da shi ba babba a kusa.

Abin wasa kuwa ba sai an saya ba: kwalba ta yi murji, murfinta ya yanka siffofi. Sun gama ki sa a roba mai murfi, zai yi makonni.