Amsoshin Tambayoyinku: Wace Ɗamara Ta Dace da Kwikwiyo?

Wani magidanci daga Kaduna ya rubuto yana cewa: "Na sayi kwikwiyo ɗan wata biyu, irin Alseshan, domin gadin gida. Abin wuya zan saya masa, ko ɗamarar ƙirji da nake gani ana sa wa karnuka?"

Malam, ɗamarar ƙirji za ka saya. Kwikwiyo bai san tafiya da igiya ba, fizga yake yi, maƙogwaronsa kuma bai yi ƙwari ba. Idan igiyar a wuya take, duk fizgar a maƙogwaro za ta ƙare, sai ka ji yana tari yana shaƙewa. Ita ɗamara a kan ƙirji da kafaɗu take baza nauyin. Ka nemi wadda madaurinta ya sauko daga kafaɗu biyu, ya haɗu a tsakiyar ƙirji, ya wuce tsakanin ƙafafun gaba, domin wadda ta gitta ƙirji a kwance tana takura kafaɗa wajen taku. Kafin ka tafi saye, ka ari tef a wurin tela ka auna kewayen ƙirjinsa daga bayan ƙafafun gaba. In an ɗaura, yatsunka biyu su shiga ƙarƙashin madauri ba tare da matsi ba, kuma kada ya riƙa gogar hammata.

Sai dai kada samun ɗamara ya sa ka fito da shi titi yanzu. Ana fara allurar rigakafin kwikwiyo yana da mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa har kusan mako 16, ta haukan kare kuma sai ya kai wata uku. Cutar farbo, mai sa amai da gudawa da jini, tana daɗewa a ƙasa inda wasu karnuka suka yi kashi, kuma tana kashe 'yan kwikwiyo da sauri. Ka koya masa tafiya a tsakar gida har likitan dabbobi ya ba ka izini.

Wani matashi daga Zariya ya tambaya: "Tunda girma zai yi, ba gara in sayi babba sau ɗaya ba? Ko in yi amfani da sarƙar da nake ɗaure rago?"

Ko ɗaya ba za ka yi ba, kuma tambayar sarƙar rago ba ta kamata ta taso ba. Babbar ɗamara kwikwiyo zai ja da baya ya zare kansa daga cikinta, ka wayi gari yana tsakiyar babura. Ka sayi daidai shi, mai wurin ƙarawa da ragewa, ka kuma sa a ranka cewa za ka sake saye kafin ya shekara. Wanda kuɗin ɗamara ta biyu ya yi masa nauyi, ya sake tunani a kan kuɗin abinci da magani da ke gabansa.

Wata baiwar Allah daga Abuja ta ce: "Na ga ana tallar ɗamarar kamfanin Julius-K9 a Instagram da araha ƙwarai, mai sayarwa ya rantse ta asali ce. In tura kuɗi?"

Hajiya, kada ki tura. Wannan kamfani na ƙasar Hungari ne, kayansa na cikin waɗanda ake yawan kwaikwayo, kuma duk wanda ya san yadda canji yake a yau ya san ba za a kawo kaya daga Turai a sayar da su a kuɗin silifa ba. Wannan magana ta jabu ita ce ta fi ci mini rai, domin mutane suna ɗauka asarar ta tsaya a kan kuɗin da suka biya. Maɓallin roba na jabu yana ɓallewa ne a lokacin da kare ya fizga da dukan ƙarfinsa, wato lokacin da ya hangi akuya ko ya firgita da hon ɗin mota, kuma a unguwa mai cike da yara kowa ya san abin da kare da ya kuɓuce zai jawo tsakanin maƙwabta. Tambarin da aka liƙa a gefe ba shaida ba ne, shi ne ma abin da ya fi sauƙin bugawa. Abin dubawa shi ne zoben da ake maƙala igiya: na kirki a haɗe yake da walda, na jabu kuwa lanƙwasa ƙarfen kawai aka yi, za ki ga tsaga a inda bakin ya haɗu. Ki duba ɗinkin da ya riƙe zoben, ko an maimaita shi an gicciye, ko layi ɗaya ne da zare yana leƙowa. Ki danna maɓalli ki ji ya kama da ƙara, sannan ki ja da hannu biyu iya ƙarfinki. Ki shafa gefen madaurin a bayan hannunki. In ya karce ki, fatar kwikwiyo ba za ta jure ba. Duk wannan ba ya yiwuwa a hoto, shi ya sa nake cewa a sayi abin da aka taɓa da hannu, a shagon kayan dabbobi ko asibitinsu, ko a biya bayan an kawo an duba. Ɗamara marar suna mai ƙwarin ɗinki ta fi mai babban suna na ƙarya nesa ba kusa ba. Ta gwanjo ma ban hana ba, in an wanke ta sosai an shanya a rana, amma ga kwikwiyon da bai gama allura ba gara a haƙura da ita.

Wata ɗaliba daga Jos ta rubuto cikin damuwa: "Da na sa masa ɗamara sai ya ƙame ya ƙi motsi yana kuka. Ko na ji masa ciwo ne?"

'Yata, ki kwantar da hankalinki, yawancinsu haka suke yi a farko, baƙon abu ne kawai ya ji a jikinsa. Ki fara ajiye ɗamarar kusa da kwanon abincinsa ya shinshina. Washegari ki sa masa na 'yan mintoci kina ba shi ɗan nama a hannu, ki cire tun bai gaji ba, kullum kina ƙara lokaci kaɗan. Kada ki ja shi. Ki tsuguna gabansa ki kira shi ya zo da kansa. In kun fara fita, ki zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, domin kwalta da rana tana ƙona tafin ƙafarsa. Da kun dawo ki cire ɗamarar, ki duba hammata da ƙirji ko akwai ja ko kaska, in kuma kin ga gashi ya fara zubewa a wurin, ki sassauta madaurin ko ki sauya wata.